Kula Mai Ɗigo Uku

Rahama ba ta ko cire fararen kayan aiki ba aka ce ana sallama da ita. Ta san ko waye, don babur ɗin Umair ba ya ɓuya, tun daga kan kwana salansarsa ke faɗin isowarsa. Ta zauna bakin katifa tana murza ƙafafunta da suka kumbura, domin daga bakin titi ta tako har gida, kar ta biya kuɗin keke sau biyu. Da so samu ne ta kwanta. Amma mutumin da ya shekara uku yana sintiri a ƙofar gidanku ba a ce masa an gaji. Ta zura hijabi ta fita.

Yana tsaye jikin katanga riƙe da baƙar leda mai nauyi, fuskarsa ɗauke da fara'ar da ta daɗe ba ta gani ba. Suka gaisa. Ya tambayi Baba, ya tambayi Inna da ƙaninta Siddiq, ya tambayi aiki da masu jiki na asibiti, har gajiyar da yake gani ƙuru-ƙuru a idonta sai da ya tambaya, ta ce babu. Sannan ya miƙo mata ledar.

"Hajiya ta ce in kawo maki. Da hannunta ta yi dambun nan. Ta ce ki ci, a maido mata kularta."

Rahama ta karɓa da hannu biyu. Hajiyar Umair, wadda ta yi watanni ko gaisuwa ba ta aiko ba, yau ita ce da dambu? Shi dai murna yake yi, yana ganin uwarsa ta sauko. Namiji kenan, a ba shi saƙon mata ya ɗauko a babur yana fito, bai san abin da ya ɗauko ba.

Murnar ba ta hana shi faɗin abin da ya kawo shi ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

"Baffa Almu ya kira ni jiya. Ya ce sau biyu suna zuwa wajen Baba neman a sa rana, sau biyu ana ce masu a ƙara haƙuri, shi kau ba yaro ba ne. Juma'a mai zuwa za su hito da goronsu bayan an sauko masallaci. Ko su yo nan gidanku Kambarawa, ko su shiga gidan su Zainab."

Zainab 'yar ƙanin Hajiya ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Ƙofar Sauri. Ta gama makarantar horon malamai, kayan ɗakinta kuwa an ce har an rasa wurin ajiyewa. Tun da mahaifin Umair ya rasu, shi kaɗai ne namiji a ɗakin Hajiya, abin da ta ce shi Baffa Almu, ƙanin marigayin, yake yi.

"Kai mi ka ce?" Rahama ta tambaya.

"Na ce ke nike so. Kullum shi nike cewa, Rahama. Bakina ya gaji da faɗi, kunnensu ya gaji da ji."

Ta ce masa za ta yi wa Inna magana.

*

Kowa a layin ya san abin da ya tsayar da auren Rahama, ko kuma yana ganin ya sani.

Gidan da suke ciki, ɗaki uku da falo, mahaifinta Malam Babaji ya same shi ne cikin gidajen da aka bai wa ma'aikata bashi ta hannun wani bankin gidaje, ana yankar albashinsa wata-wata har da ruwa a kai. A takarda da sauran shekara shida. Ritayarsa kuwa ta kusa, ba ta kai rabin haka ba. Ya daɗe yana ɗauke kai daga wannan lissafi, har ranar da abokin aikinsa Malam Ado ya rasu. A wurin jana'iza aka yi cigiyar masu bin mamaci bashi, kowa ya yi shiru, alhali Malam Babaji ya san wanda ke bin bashin ba ya zuwa jana'iza. Ba a rufa shekara ba ya ga iyalin Malam Ado suna loda katifu a a-kori-kura.

Ranar da ya ga haka ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya tara su ya ce shi ba zai kwanta cikin kabari da bashin ruwa a wuyansa ba, kuma ba zai bari a watsa wa iyalinsa kaya a titi ba. Kafin ya ajiye aiki sai gidan nan ya zama nasu, ko da kuwa garin kwaki za su riƙa sha.

Aka naɗa Rahama ma'aji, tunda ita ce babba kuma ita ke da albashi mai ɗan kauri. Kowa ya faɗi abin da zai riƙa kawowa ƙarshen wata, a haɗa a ɗora kan wanda banki ke cira. Baba ya faɗi nasa. Siddiq, da ya gama digiri ya rasa aiki ya kama tuƙin keke, ya faɗi nasa yana tura baki. Inna Hajo, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba wanda ya tambaye ta, ita ta yanke wa kanta nata kason.

Rahama kuwa ta riƙe amanar nan da zafi, har ya yi yawa. Ita ta sa aka sayar da janareta. Ita ta mayar da nama sai Juma'a, shayi ba madara, sabulu a raba biyu da wuƙa. Ankon biki ta soke shi gaba ɗaya, ƙawayenta suka yi fushi suka gaji suka daina gayyatarta. Shinkafa buhu guda suke haɗa kuɗi su saya da maƙwabciyarsu Maman Gloria, a raba da kwano a tsakar gida. Layya biyu ba su yanka rago ba, watanda suka shiga. Siddiq ya laƙaba mata suna Gwamnan Banki, ba ya faɗi sai ya ga ta ba da baya.

Cikin su duka Inna ce ba ta taɓa saɓa wata ba. Gyaɗa ta yi tsadar da masu ƙuli da yawa suka kife kaskonsu, amma ranar biya sai ta kwance bakin zane ta ajiye kuɗinta cif a gaban Rahama, ba tare da ta dube ta ba. Da ma ba ta dubanta sosai. Rahama 'yar fari ce, Inna kuwa mutuniyar da ce, tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba. "Ke" take ce mata, in a bayan ido ne ta ce "yarinyar nan". Sau nawa Rahama ta yi wa Siddiq gori da ita, tana cewa ya ji kunya, tsohuwa mai ƙuli ta fi shi cika alkawari.

Ita Rahama a nata tunanin, albashinta ne ya sa Baba ke jan ƙafa da maganar aure. Ta ma sa Umair ya yi masa alkawari cewa ko bayan biki kasonta ba zai tsaya ba. Duk da haka Baba ya ce a ƙara haƙuri. Kayan ɗaki kuwa ba ta taɓa sa su cikin damuwarta ba, don tun tana ƙaramar sakandare Inna ke tara mata su a ɗan sito na gefen kicin, kwali kan kwali har rufi, makullin a ɗaure a bakin zanenta.

*

Ta juye dambun a faranti, Siddiq ya far masa kamar wanda aka saki daga kurkuku. Inna tana ɗaki tana lazimi. Rahama ta ɗauki kular ta kai bakin famfo. Kula ce mai kyau, ruwan madara da zanen ganye a gefe, irin mai 'ya'ya huɗu ɗin nan. Ta wanke cikinta, ta kifa ta don ta wanke gindin.

Sai hannunta ya tsaya.

Ɗigo uku na jan farce, biyu a sama ɗaya a ƙasa.

Duk matar da ke kai kwano gidan biki tana da shaidarta, don kar kayanta su bi na wasu. Wata ta rubuta suna da fenti, wata ta ɗaura zare. Inna ba za ta rubuta sunan 'yar fari ba ko da ta iya rubutu, shi ya sa duk abin da ta saya wa Rahama, daga cokali har tukunya, sai ta kifa shi ta ɗiga masa jan farce sau uku kafin ta rufe a kwali. Rahama ta sha riƙe mata kwalbar tana yarinya.

Ta miƙe da kular a hannu tana ɗigar ruwa, ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna har ta shafa addu'a.

"Inna, ara mani makullin sito."

"Mi za ki ɗauka?"

"Dubawa zan yi."

"Ba abin dubawa. Ƙura ce kawai, ki bari sai an share."

Rahama ta juyo gindin kular ta nuna mata. Inna ta kalli ɗigon nan, ta kalli ƙasa, carbin hannunta ya zame ya faɗi kan sallaya. Ta kwance makullin ta ajiye a ƙasa tsakaninsu.

Kwalayen suna nan yadda Rahama ta san su, a jere, an ɗaure kowanne da igiya. Ta kai hannu biyu ta yunƙura za ta sauke na sama, wanda ta san na faranta ne masu nauyi, sai ya taso mata kamar hula, har ta kusa faɗuwa ta baya. Ta ɗaga na biyu. Ta ɗaga na uku. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa, tun tana yi a hankali har ta koma yi da sauri. Na zannuwan gado tsofaffin jaridu ne a ciki. Na injin markaɗe ba komai sai farin soson da ake tallafe shi da shi. A can ƙasa ta samu kwali ɗaya mai ɗan motsi, ta buɗe, ludaya ne guda biyu da matankaɗi.

Ta zauna a ƙasan siton, ƙura ta ɓata mata fararen kaya, ba ta kula ba.

Inna ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta juya mata gefe kamar yadda ta saba.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun damina waccan. Gyaɗa ta hi ƙarfina. In na saya na soya, uwar kuɗin ma ba ta hitowa."

"Shi ne ba ki faɗi ba?"

"In faɗa ma wa? Ni na yanke ma kaina da bakina, gaban ubanku. Ina ji kina ma ƙaninki faɗa kan abin da bai kai nawa ba. In zo in ce ni na kasa? Na ce bari in ba dillaliya kula ɗaya, wata mai zuwa in an samu in maida. Wata ya zo, na ba da kafet. Haka, haka. Kuɗin adashen gado da kujeru ma da na kwasa, nan suka shiga."

"Kenan kuɗin da nike amsa hannunki ina yaba maki…"

"Ɗakinki ne kike kaiwa banki."

Nan kuka ya ƙwace wa Rahama. Ba kukan kaya take yi ba, kaya ai ana saye. Abin da ya ƙona mata rai shi ne duk wata ita ke miƙa hannu, ita ke ƙirgawa, ita ke cewa madalla, ba ta taɓa tambayar kanta ta ina ƙuli ke haifar wannan kuɗi ba alhali kaskon ya fi wata nawa a kife. Ta iya lissafin sabulu, ta kasa ganin uwarta tana ƙarewa a gabanta.

Inna ma hawaye take yi, tana sharewa da gefen mayafi. Ta ce ta roƙi dillaliyar ta kai kayan nesa, can wajen unguwannin da ba a san su ba. To dillaliya ina ruwanta, inda kuɗi yake nan take. Ga shi ta kai har Ƙofar Sauri, har ɗakin Hajiya, kuma ba yadda za a yi ta sayar da kula ba ta haɗa da labarin mai ita ba.

Sai a lokacin saƙon ya fito wa Rahama fili. Hajiya ba dambu ta aiko ba. Cewa take yi, na san abin da kuke ɓoyewa, ɗiyarku ba ta da ko cokali, da me za ku kawo ta gidana?

*

Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da su a haka. Bai tambayi komai ba, ya dubi kwalayen da ke warwatse ya nemi kujera ya zauna. Ashe ya sani. Ya gano tun zuwan su Baffa Almu na farko, ranar da ya ce wa Inna ta fara shiri ta fashe masa da kuka. Abin da ya sa yake ta cewa a ƙara haƙuri kenan, yana jiran wata ƙofa da shi ma bai san ta inda za ta buɗe ba.

Ya cire hularsa yana murza ta a gwiwa. Ya ce kuɗin wannan wata suna asusun Rahama, ba a kai ba tukuna. A tsayar da ƙarin da ake yi wa banki. A haɗa na wata biyar ko shida a yi mata gado da kujeru da abin da ya sawwaƙa, shi zai je da kansa ya roƙi Baffa Almu a sa rana mai ɗan nisa.

"In an yi haka, Baba, gidan zai ƙare kahin ritayarka?"

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Allah shi ne mai yi."

Ta san ma'anar wannan amsa, don ita ke riƙe da lissafin. In aka tsaya wata shida, ritaya za ta riske shi da saura mai yawa, albashi ya yanke, fansho kuwa kowa ya san ba ranar da aka ajiye aiki yake fara zuwa ba. Ta dubi wuyan rigarsa da Inna ta juya ta sake ɗinkewa, ta dubi yadda ƙasusuwan kafaɗarsa suka fito. Mutumin nan ya daina cin goro saboda gidan nan. Ya ba ta tausayi har ta ji haushin kanta da ta yi kuka a gabansa.

Ranar Litinin da ta tashi daga aikin safe ta biya banki. Layin ya yi tsawo, ta samu lokacin canza ra'ayi sau goma, ba ta canza ba. Ta tura kuɗin gaba ɗaya, har da kason Inna, wanda yanzu ta san kuɗin labulenta ne.

*

Saura mayar da kula.

Kowa ya san ba a mayar da kwanon mutane haka nan, balle na surukai. Inna ta buɗe akwatinta ta ciro turmin atamfa ɗaya da ya rage mata, wanda take ajiya saboda ko-ta-kwana, ta ninke shi ta cusa a kular, ta ɗora sabulun wanka biyu a kai. Rahama ta bari sai da ta gama, ta sa hannu ta fito da su ta mayar mata kan gado.

"Ke, ba a haka. Zagi ne."

"Tambaya ta yi, Inna. Mi gare mu? Amsar kenan. In mun sa atamfa mun ce muna da shi, ranar jere da mi za mu cika ɗakin? Na gaji da kwali mai igiya ba komai ciki."

"Ba ki san matan cikin gari ba. Ba za ta ji shi yadda kike nuhi ba."

Rahama ba ta saurara ba. Gajiya ta kai ta inda mutum ke ganin gaskiya tsirara ita ce mafi sauƙi, ya manta ba kowa ke son a miƙo masa ita haka ba.

Da Umair ya zo da la'asar ta gaya masa komai a tsaye, ba ta rage ba. Ya jingina da babur ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya fara kawo dabaru. Ya ce akwai ƙungiyar malamai a makarantar da yake koyarwa, suna ba da rance, zai karɓa ya sayi gado da kujeru a ɓoye a kai gidan wata gwaggonta, ranar jere a fito da su a ce daga Kambarawa suke.

"Bashi kuma, Umair?" Hawaye suka cika mata ido. "Dubi gidanmu. Dubi abin da bashi ya maida mu. Uwata ta sayar da ɗakina tana tsoron idona. Kana so mu ma mu fara da shi, mu kwanta bisa gadon da ake yankar albashinka saboda shi, kuma bisa ƙarya? Dillaliya ta riga ta gaya ma kowa. Wa za mu ruɗa?"

"To mi kike so in yi? Ki faɗa mani, wallahi na rasa."

Ta miƙa masa kular. Ya karɓa, ya ji ta sakayau, ya buɗe ya leƙa.

"Ka kai ma Hajiya haka. Ka ce ina gaishe ta, na gode da dambu. Ka ce haka ɗakina zai zo, ba komai, sai abin da muka saya a hankali da guminmu. Baba ya aika ma Baffa Almu cewa su zo Juma'a, zai ba su rana. In za ta amshe ni haka, ga ni."

"Rahama, bari in tsaya kasuwa in sa ko turare ne ciki. Ba za ta sani ba."

"Ka yi mani alkawari ba za ka sa komai ba."

"Kin san abin da kike sa ni kuwa? Uwata ce. In ta ce an zage ta, ba ni da bakin da zan ce ba a zage ta ba."

"Ka yi mani alkawari."

Ya dube ta. Idonsa ya yi ja, shi ma duk ya faɗa, shekara uku ba wasa ba. Ta so ya yi mata gardama, ta so ya ce a'a ya fi ƙarfinta ko sau ɗaya. Amma Umair mutum ne mai cika alkawari, abin da ya sa ta so shi kenan tun farko.

"Na yi," ya ce a hankali. Ya rataya ledar a hannun babur ya tafi, kular tana bugun tanki tana ƙara irin ta abin da ba komai cikinsa.

*

Ranar Juma'a tun da hantsi aka share gidan har bayan ƙofa. Rahama ta yi musayar aiki da wata, ta zauna. Naman Juma'a da aka saba yankawa ƙanana don ya zagaya, yau Inna ta bar shi manya saboda baƙi. Maman Gloria ta aiko da kujerun roba da ƙanƙara daga firjinta, ta leƙo ta katanga tana tsokanar Rahama da amarya. Siddiq ya sayo lemo da kuɗinsa, Gwamnan Banki ba ta ce masa uffan ba.

Baba ya dawo daga masallaci da babbar rigarsa ta Sallah, ya shimfiɗa tabarmi a falo, ya zauna yana fuskantar ƙofa.

Rahama tana ɗaki da waya a cinya. Tun Laraba Umair bai kira ba, saƙo ɗaya ya turo cewa ya kai, Hajiya ta buɗe ta gani, ba ta ce komai ba. Duk motar da ta shigo layin sai Rahama ta ɗaga kai, ta ji ta wuce. Ƙanƙarar ta narke a bokiti. Aka kira la'asar, Baba ya je ya dawo ya sake zama wurin da ya tashi.

Rana ta yi sanyi sosai sannan aka yi sallama, muryar mace.

Dillaliyar ce, da ƙullin kayanta a kai da baƙar leda a hannu. Ta gaishe da Inna gaisuwa mai tsawo, tana raba ido a tsakar gidan, ta ga kujeru, ta ga lemo. Ta ce ita fa 'yar aike ce, hanya ce ta biyo da ita, Hajiya ta ce tunda za ta yo nan ta taho da wannan. Ta ajiye ledar a gaban Rahama da ta fito ta tsaya bakin ƙofa.

Rahama ta durƙusa ta ɗaga. Kular ce, amma yau da nauyi. Wani abu mai kama da murna ya taso mata, ta buɗe da sauri.

Goro ne fari da ja, da alewa, da ɗan ƙullin dabino a sama.

"Na sa ranar Umair ne da Zainab, ɗazu bayan masallaci," in ji dillaliya, tana gyara ƙullinta. "Ta ce a ba ku naku. Ta ce kular ma ku riƙe, ita ba ta iya maida kwano ba komai."

Ta yi sallama ta fita.

Daga falo Rahama ta ji motsin Baba, ya tashi yana naɗe tabarmi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai gudun ya tashi wani daga barci. A ɗaki wayarta ta fara ƙara da sautin da ta ware wa mutum ɗaya. Ƙarar ta katse, ta sake farawa. Rahama ba ta motsa ba.

Ta mayar da murfin ta danna shi da kyau. Muryarta ta fito daidai, irin wadda take yin lissafin ƙarshen wata da ita.

"Inna, a rarraba ma maƙwabta tun goron bai bushe ba. Lemon kuma Siddiq ya maida ma mai shago, ba a buɗe ba, zai amsa."

Inna ta taso daga bakin murhu. Ta zo ta durƙusa gabanta, ba ta juya mata gefe ba, ta dube ta ido cikin ido. Ta sa hannu ta zare kular daga hannunta ta ajiye a ƙasa.

"Rahama," ta ce.

Shekararta ashirin da tara a duniya, yau ta fara jin yadda sunanta yake a bakin uwarta. Ta kifa kai a cinyar Inna, cikin gidan da ya kusa zama nasu, ta yi kukan da ba ta da sauran ƙarfin riƙewa.